Ranar da Na Wanke Maƙogwaron Motata

Sa'ad da Editan wannan mujalla ya tare ni a ƙofar ɗakin malamai ya ce lalle bana sai na rubuta wani abu, na ce masa ni malamin fasaha ne, hannuna ya fi sabawa da rula da alli, dogon rubutu kuwa na malaman harshe ne. Ya ce ba komai, in rubuta abin da na sani. To, abin da na zaɓa babu ɗalibin da ya shekara biyu a makarantar nan da bai san shi ba, wato tsohuwar motata mai ruwan toka. Waɗansunku ma sun san nauyinta, gama sun sha tura ta daga bakin ƙofar makaranta zuwa gangaren filin ƙwallo. Na kuma san sunan da kuka raɗa mata a ɓoye, Sai-An-Tura. Ban taɓa hukunta kowa saboda sunan nan ba, domin a lokacin gaskiya kuka faɗa.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2004, mai giyar hannu, injinta mai silinda huɗu, lita 1.8. Na saye ta hannu na biyu a 2016 da rancen ƙungiyar adashen malamai, na yi shekara uku ina biya. Ta yi mini hidima ba kaɗan ba. Ita ta kai uwargida asibiti daren da aka haifi autanmu, ita ce ke ɗauko mana masara da dankali daga ƙauye, ita ce kuma ke kai mahaifiyata asibiti kowane wata domin a auna hawan jininta da suganta. Saboda haka a gidanmu lafiyar motar nan tana haɗe da lafiyar tsohuwa.

Wajen ƙarshen 2023 ne ciwon ya fara. Da safe in na tayar da ita sai ta riƙa kakkarwa kamar mai zazzaɓi. A kan hanya kuwa, muddin ƙafata tana kan totur lafiya lau take tafiya. Amma da zarar na taka kuloci na rage gudu a mararraba, ko a gaban mai ba da hannu, sai allurar da ke nuna juyin inji ta yi ƙasa, ta yi rawa, injin ya mutu. Makanikai suna cewa mota ba ta riƙe silo ke nan. Yawan tayarwa ya gajiyar da batirin da dama ya tsufa, daga nan kuma turi ya samo asali.

Na je gareji na farko aka ce fulogi ne, na saya aka sa. Kwana uku ciwo ya dawo. A gareji na biyu aka ce famfon mai ne ya yi sanyi, shi ma na saya. Bayan mako guda ga mu a gidan jiya. Na ukun ya ce sai dai a canja abin da suke kira bakin injekta gaba ɗaya, a sa na Baljiyam, kuɗin da ya faɗa kuwa ya kusa rabin albashina. Ku tuna fa wannan bayan ranar 29 ga Mayu, 2023 ne, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Yuli kuma ta wuce 600. Kudin makarantar yara uku yana jira, ga maganin tsohuwa. Ba na ɗora wa makanikan nan laifin duka. Ni ma da nawa, gama duk abin da aka faɗa mini sai in gyaɗa kai kamar ƙadangare, ban san tambayar da zan yi ba.

ABUBUWA BIYU DA SUKA TASHE NI

Na farko ya faru a watan Janairu na 2024. Muna dawowa daga asibiti da mahaifiyata, na shiga wani shataletale a cikin garin Jos da rana tsaka, sai motar ta mutu a daidai tsakiya. Na murɗa makulli, ta ce ƙyas, ta yi shiru. Na duba madubi, ga tirela tana gangarowa a bayanmu, direban yana ta danna ham. Har yau ina jin ƙarar birkinsa a kunnena. Ya tsaya, tazarar da ta rage tsakaninmu ba ta fi taku uku ba. Waɗansu samari masu sayar da rake suka taimaka muka tura ta gefe. Tsohuwa ba ta yi ihu ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Da muka kama hanyar gida sai ta ce, "Ɗana, in babu hali mu riƙa hawa Keke, ba abin kunya ba ne." Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "Da babanka yana nan..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaye ta sauran ba.

Na biyun ya faru a aji uku na ƙaramar sakandare, a mako na gaba. Ina gaban allo ina zana yadda injin fetur yake aiki, irin wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera a 1876. Na rubuta matakai huɗu: shaƙar iska da mai, matsewa, ƙonewa, da fitar da hayaƙi. Na yi zane mai kyau, har da alli mai launi. Sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to a cikin huɗun nan wanne ne ya lalace a motarka?" Aji ya fashe da dariya. Na duba fuskarta na ga ba reni ba ne, da gaske take son ta sani. Na buɗe baki, babu amsa. Shekara 17 ina zana injin nan a allo, na ci jarrabawarsa a kwalejin horon malamai, amma ban taɓa kwance ko noti ɗaya a injin motata ba. Na ce mata, "Zan kawo miki amsa kafin zangon nan ya ƙare." Na fita daga ajin ina jin kunyar kaina.

Dole in yi maganar mahaifina a nan. Direban wani ƙaramin asibitin mishan ne a ƙauyenmu, kuma ya yi shekaru yana jan Peugeot 504, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Bai wuce firamare ba. Amma kowace Asabar ta ƙarshen wata yakan shimfiɗa buhu a gindin mangwaro, ya kwance kafireta, ya jera ƙananan sassanta a kan farantin kwano, ya wanke, ya hura kowace ƙofa da bakinsa, ya mayar. Aikina shi ne in riƙe masa gwangwani in miƙa sifana. Yakan ce, "Matso ka gani." Ni kuwa hankalina yana wurin ƙwallo. Da na shiga kwaleji ma sai na fara ganin aikin baƙin mai na waɗanda ba su yi karatu ba ne. Da ya rasu aka ba ni akwatin ƙarfensa na kayan aiki, na tura shi ƙarƙashin gado, ya shekara tara ban buɗe ba.

SHAWARAR DATTIJO

Ran Lahadi bayan sujada na tsaya a harabar majami'a ina fama da tayar da motar, sai wani dattijon ikilisiyarmu, tsohon makaniki da ya bar wa yaransa gareji, ya matso. Ya ce in buɗe bonet. Ya kasa kunne kamar likita, bai taɓa komai ba. Ya yi mini tambaya uku: tana mutuwa a cikin gudu, ko sai na ɗaga ƙafa? Yaushe rabona da canja matatar iska? Akwai wanda ya taɓa buɗe maƙogwaronta ya duba? Na amsa ta farko, biyun kuwa na sunkuyar da kai. Ya yi dariya ya ce, "Malam, motarka mura take yi. Kafin ka sayi sabon abu, wanke wanda kake da shi. Aikin awa ɗaya ne, kai ma za ka iya." Na ce, "Baba, ina tsoron in ɓata." Ya ce, "In ka ɓata ka kawo mini. Abu uku kawai kada ka yi: kada ka yi aikin kusa da wuta, kada ka kankare da ƙarfe, kada ka taɓa ƙaramin sukurun nan mai ɗigon fenti."

A makon nan na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun tuni. Ga abin da na gane, zan kuma faɗe shi yadda ɗan aji ɗaya zai fahimta.

Mutane da yawa suna tsammani in direba ya taka totur, mai yake ƙara wa inji. A gaskiya iska yake buɗe wa hanya. Injin fetur yana bukatar iska mai yawa ƙwarai. In an bi ta nauyi, kowane kashi 1 na fetur yana son kashi 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. In an mayar da lissafin zuwa lita, litar fetur guda tana cin iska wajen lita 9,000, wato kimanin duro 45 na lita 200. Mu da ke saman dutse a Jos, wajen mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta kai ta bakin teku kauri ba, saboda haka injinmu ya fi bukatar hanyar numfashinsa ta zama a buɗe.

Iskar nan tana shigowa ta akwatin matata, inda takarda mai ninki ke tare ƙura. Daga nan ta wuce ta gaban wata 'yar na'ura mai auna yawanta, wadda ke aika labari ga kwamfutar motar, wadda makanikai ke kira birenbos. Sai ta bi ta wani baƙin tiyo mai kauri ta isa gidan totur. Shi ne abin da suke kira bakin injekta, ni kuwa na bi dattijo na kira shi maƙogwaro. Bututu ne na alminiyum, a cikinsa akwai wani faifai mai zagaye kamar murfin gwangwanin madara, an soke shi da sanda ta tsakiya. In ka taka totur, waya tana jawo sandar, faifan ya karkata, iska ta kwarara. Kwamfuta ta ga iska ta ƙaru, sai ta umarci injekta su ƙara fesa mai. A motar mahaifina kafireta ce ke yin aikin nan duka ba tare da kwamfuta ba.

To, in ka ɗaga ƙafa fa? Faifan yana kusan rufewa ruf. Injin yana rayuwa ne da 'yar iskar da ke bi ta gefen faifan, da kuma wadda ke bi ta wata ƙaramar hanya ta kewaye mai nata bawul, wanda kwamfuta ke buɗewa da rufewa domin ta riƙe silo a wajen juyi 700 a minti ɗaya in injin ya yi zafi. A nan matsalar take. Akwai tiyo da ke mayar da tururin baƙin mai daga cikin inji zuwa hanyar iska domin a ƙone shi, maimakon a sake shi ya ɓata iskar gari. Tururin nan yana da danƙo. In ya gamu da ƙurar hunturu da ta kuɓuce wa matata, sai su zama baƙin datti kamar kwalta, su manne a gefen faifan da cikin ƙaramar hanyar. Shekara da shekaru dattin yana taruwa, hanyar tana ƙuntata. A cikin gudu ba ka ji, domin ƙofa a buɗe take wangam. Da ka ɗaga ƙafa sai numfashi ya ɗauke.

ASABAR ɗIN AIKI

Ran Juma'a da yamma na sayi gwangwanin maganin feshi wanda aka rubuta a jikinsa cewa na wanke gidan totur ne, da sabuwar matatar iska. Duka biyun ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da aka nema a gareji na uku ba. Da dare na jawo akwatin mahaifina daga ƙarƙashin gado. Da na buɗe, warin tsohon baƙin mai ya buge ni, sai na ga kamar ina gindin mangwaron nan. Sifanoninsa suna nannaɗe cikin tsohon tawul, kowanne a jere bisa ga lambarsa. Na daɗe a zaune ina kallonsu.

Da safe na sa yara suka tura motar zuwa fili a bayan gida, nesa da murhun uwargida da janareton maƙwabcinmu, gama maganin feshin nan yana kama wuta nan da nan, warinsa kuma ba a son shaƙarsa a rufaffen wuri. Ban tayar da injin ba, na bar shi da sanyinsa. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Baban yara, ka tabbata? Gobe fa akwai sujada, jibi kuma ranar asibitin Mama ce." Na ce na tabbata, amma cikina ya ɗuri ruwa.

'Yata ta fari, wadda take aji biyu na babbar sakandare a lokacin, ita ce ta tsaya mini yadda na tsaya wa mahaifina. Kafin in taɓa komai ta ce, "Baba, bari in ɗauki hoto tukuna." Na ce mata ba biki muke yi ba. Ta dai ɗauka da wayata, hoto huɗu ta kowane gefe.

Na fara da cire kan batir na gefen da aka yi wa alamar ragi, da sifana mai lamba 10, na kawar da shi gefe. Na zare soket ɗin na'urar auna iska, na kwance maɗaurin baƙin tiyo, na cire ƙaramin tiyon da ke jikinsa, na ɗaga murfin akwatin matata tare da tiyon gaba ɗaya. Abin da na fara gani ya isa bayani. Tsohuwar matatar ta yi ja wur da ƙura, ta kuma yage a kusurwa ɗaya saboda yawan hura ta da iskar bokanaiza da ake yi kowane lokacin juyen mai. Wato shekara da shekaru ƙurar hunturu tana da ƙofarta ta shiga ba sallama.

Sa'an nan na haska tocila cikin maƙogwaron. Gefen faifan da bangon bututun sun yi baƙi ƙirin, kamar gindin tukunyar da aka shekara ana girki da ita a kan itace. Na kira yarinyar na ce, "Matso ki gani." Sai da maganar ta fita na ji muryar wanda nake kwaikwayo.

Na sa ta ta juya ƙaramin gargaren da wayar totur ke ja, ta riƙe faifan a buɗe. Na fesa maganin a kan tsumma mai tsabta mara zare, na shiga gogewa. Tsumma na farko ya yi baƙi nan take, na biyu ma haka. Inda dattin ya yi tauri na fesa kaɗan kai tsaye, na jira minti biyu ya jiƙa, na bi da tsohon buroshin haƙori mai laushi. Na goge gaban faifan da bayansa, da bakinsa mai kaifi, da zoben dattin da ya kewaye bangon daidai inda faifan ke kwanciya, da wurin da sandar ta shiga bango hagu da dama. Na kiyaye kada magani ya shiga baƙar na'urar roba da ke manne a gefen gidan, wadda ke gaya wa kwamfuta yadda faifan ya buɗe. Sau biyu hannuna ya kai ga sukudireba domin in kankare wani wuri mai taurin kai, sau biyu na tuna maganar dattijo na ajiye. Ƙarfe yana barin zane a jikin alminiyum, zanen kuma ba ya gyaruwa. Sukurun nan mai fenti ma na gan shi, tun daga masana'anta aka daidaita shi domin ya tsayar da faifan a inda ya kamata, na bar shi yadda na same shi.

Bayan kamar minti 40 bututun ya koma fari yana ƙyalli. Na bar shi ya sha iska ya bushe, na sa sabuwar matata, na mayar da murfi da tiyo, na ɗaure, na mayar da kan batir. Na goge hannuna, na shiga mota kamar wanda ya ci zaɓe.

Na murɗa makulli. Ta yi ta juyi ba ta kama ba. Wannan bai tsorata ni ba, domin dattijo ya ce ragowar magani yakan sa haka. A karo na uku ta kama, ta yi tari, farin hayaƙi ya fito ta salansa, sai ta mutu. Na sake, ta kama, ta yi daƙiƙa biyu, ta mutu. Na sake, haka. Ga kuma wata fitila mai ruwan ɗorawa mai siffar inji ta tsaya a kunne a gabana. A da motar tana mutuwa a mararraba ne kawai, yanzu ko daga bayan gida ba za ta fita ba. Gumi ya keto mini duk da sanyin hunturu. Na tuna karin maganar nan da ke cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na fara lissafin kuɗin janwe, da na birenbos in na ƙone ta, da abin da zan gaya wa tsohuwa ran Litinin. Uwargida ta sake leƙowa, ba ta ce komai ba, shirun nata kuwa ya fi magana ciwo.

Ina cikin wannan hali sai yarinyar ta ce, "Baba, a hoton nan wannan abin a haɗe yake, amma ga shi nan yana lilo." Na fito na duba. Soket ɗin na'urar auna iska ne, na manta ban mayar ba, ya faɗa bayan akwatin matata. Kwamfuta ba ta samun labarin iskar da ke shigowa, saboda haka ba ta san yawan man da za ta bayar ba. Na tura soket ɗin ya ce ƙas. Na sake cire kan batir na 'yan mintoci na mayar. Da na murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya, fitilar kuma ta ɗauke.

Da fari allurar ta haye sama fiye da yadda na saba gani, gama injin da sanyi yake, kwamfutar kuma tana sake koyon numfashin da ta daɗe ba ta samu ba. Na bar ta tana aiki ban taɓa totur ba. Da injin ya yi zafi allurar ta sauko a hankali ta tsaya kusa da 700, ba rawa, ba kakkarwa. Muka zaga unguwa, na tsaya a kowace mararraba da gangan ina jiran ta mutu. Ba ta mutu ba. Ran Litinin na kai tsohuwa asibiti, muka bi ta shataletalen nan muka wuce lafiya. Da muka iso gida ta ga akwatin a falo, ta shafa murfinsa, ta shige ɗakinta.

Kada in yi muku ƙarya, aikina bai kammala komai ba. Mutuwar mararraba ta ƙare, amma da sassafe allurar takan ɗan yi sama da ƙasa. Na koma wurin dattijo, ya ce tsummana bai kai ga ƙaramin bawul ɗin silo ba, sai an sauke gidan totur gaba ɗaya. Wannan kuwa ya haɗa da cire tiyo biyu na ruwan lagireto da sa sabon gasket. Asabar ta gaba na je garejin yaransa, suka yi ina tsaye ina kallo ina tambaya, na biya kuɗin aikinsu da farin ciki. Na kuma sayi sabon batir da albashin watan. Tun daga ranar ba wanda ya sake tura motar nan.

GARGAƊI GA 'YAN'UWANA MALAMAI DA IYAYE

Kada wani ya karanta wannan ya ruga ya buɗe motarsa ba tambaya. Motoci da yawa na baya-bayan nan, har da Corolla ta Amurka daga ƙirar 2005, ba su da wayar totur. Ƙaramin moto ne na lantarki ke juya faifan bisa ga umarnin kwamfuta. Irin wannan ba a tura faifansa da ƙarfi, ba a kuma sa yatsa a ciki makulli yana kunne, gama yana iya rufewa ya datse yatsan. Waɗansu motocin, kamar na Nissan da yawa, in an wanke sai an bi wata ƙa'ida an sake koya wa kwamfutar silo, in ba haka ba injin ya riƙa gudu a tsaye. Na'urar auna iska kuwa tana da nata maganin dabam, ba a fesa mata na totur, ba a kuma taɓa siririyar wayar cikinta. Haka nan ba kowace mutuwar inji ce daga maƙogwaro ba. Fulogi, da famfon mai, da tiyon da ya tsage duk suna iya kawo irin wannan. Abin da na koya shi ne a fara da duba mai araha kafin a sayi mai tsada, a kuma canja matatar iska bayan kowane hunturu maimakon a yi ta hura ta har ta yage.

Kafin zangon ya ƙare na cika alkawarina. Na kawo motar gaban ɗakin gwaji, na tara 'yan aji uku, na buɗe bonet, na nuna musu hanyar iska daga matata har zuwa faifan. Na kira yarinyar da ta yi tambaya na ce, "Amsarki ita ce mataki na ɗaya, shaƙar iska." Na ba ta tsohuwar matatar ta zaga da ita kowa ya taɓa. A jarrabawar zangon nan babu tambayar da aka fi ci kamar ta injin fetur.

Ya ku ɗalibanmu masu fita bana, za ku tafi da takardar shaida, muna kuwa alfahari da ku. Amma in akwai wani a gidanku mai sana'ar hannu, ko makaniki ne, ko tela, ko kafinta, ko mai gyaran famfo, in ya ce ku matso ku gani, ku matsa tun yana nan. Ni sai da na haura shekara 40 na matsa, mai kiran kuwa ya riga ya tafi. Akwatinsa yanzu yana cikin but ɗin motata, 'yata kuma ta san lambar kowace sifana da ke ciki. Sauran ɗalibai da za mu sake haɗuwa a sabon zango, ina roƙonku ku nemo wa motar nan wani suna, gama na dā ya daina aiki. Allah ya kiyaye hanyarku duka, ya sa albarka a aikin hannuwanku.